Likkafanin Fim Ɗin Sharfaddeen

Mutanen birnin Zariya ba sa son a tayar da zancen Sharfaddeen. In ka ambaci sunansa a majalisa, sai ka ga wani ya tuna zai sabunta alwala, wani ya hau latsa waya. Ni kuwa sai na faɗa, don na gaji da ganin samari suna haɗiyar yawu a kan motar da ba su san da me aka saye ta ba. Ku gyara zama.

Sharfaddeen ɗan Unguwar Juma ne, gidan malamai gaba da baya. Kakansa ya karantar a zaure har idonsa ya mutu, mahaifinsa ya rasu bai bar komai ba sai suna mai kyau da tsohon gidan ƙasa. Shi kuwa kyamara Allah ya ɗora masa. Biki, suna, walimar sauka, shi za ka gani yana ja da baya yana cewa amarya ta ɗan ɗago kai. Yana samun na cefane. Matarsa Huseina, malamar Islamiyya ce mai yawan dariya, tun bai zama kowa ba take tsokanarsa da “Darakta”, kuma ba ta taɓa yi masa ƙorafi ba. Amma shi zuciyarsa ba ta kwanta ba. So yake in ya shigo wuri a miƙe masa.

Labari kuma yana da shi, a faɗi gaskiya mai kyau ne. Ma'aikatan wani kamfani ne aka tura su auna tsohon gida da za a rushe. Suna ciki ruwa ya ɓarke, zaure ya rufta ya toshe hanya, waya ba sabis. Daga nan wani abu da ke cikin rijiyar gidan ya fara ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda suka rage suna naɗe gawar abokin aikinsu suna zargin juna, manaja na zagin masinja, akawu na ɓoye ruwan sha. Uku za su mutu, sauran su fita da ƙyar. Ya sa wa fim ɗin suna Bayan Tashi Daga Aiki.

Ya kai labarin Kano, ya kai Kaduna. Duk mai kuɗin da ya saurara sai ya ce, “To ina waƙa? Ina soyayya? Wa zai zauna ya kalli mutane suna mutuwa a kango?” Gajerun finafinan da ya sa a YouTube kuwa, in ka cire dangi da abokai, ba mai kallo. Ana cikin haka wani direba da suka haɗu a gidan biki ya ja shi gefe ya raɗa masa cewa akwai wani tsoho a dutsen Kufena, Dogara sunansa, wanda ba ya aiki sau biyu a kan abu ɗaya. Sharfaddeen ya ce a'uzubillahi da ƙarfi don mutane su ji. Amma sunan ya riƙe shi.

Wata rana da damina, bayan azahar, ya rataya jakar kyamara ya hau babur ya fita ta Ƙofar Kuyambana. Hadari ya haɗu baƙi ƙirin a kan dutsen amma ya ƙi zuba. Ya bar babur a bakin gona ya hau da ƙafa, har ya isa wani tsagi da mutum sai ya karkace zai shiga. Yana shiga sanyi ya kama shi har ƙashi. Warin kashin jemage ya cika wurin, a ƙarƙashinsa kuma akwai wani ƙamshi da ya sani amma ya kasa tuna inda ya san shi. Tukwane ne a kife jere da bango, kowace an ɗaure mata wuya da baƙin zare. Fasassun madubai an jingine su suna kallon dutse. Daga sama tsummokaran farin ƙyalle suna lilo, kowanne da ƙulli uku, alhali ba iska a ciki.

Dogara na zaune a kan buzu. Ba laya, ba jan ido, ba ihu. Siririn tsoho ne cikin wankakkiyar farar riga, wanda in a masallaci ka gan shi sai ka matsa masa ya shiga sahun gaba.

“Ɗan gidan malamai ne yau a wurinmu,” in ji shi a hankali. “Kakanka ya sha tofa mana addu'a daga nesa. Zauna.”

Sharfaddeen ya durƙusa ya ce, “Baba, ni dai kasuwa nake so ta buɗe mini. Fim nake yi.”

“Ido kake nema ke nan. Wasu kujera ke kawo su, wasu mace, kai idon jama'a. Ido yana da tsada, yaro. Ba a buɗe shi sai an rufe wani.” Ya miƙa hannu aka ba shi kyamarar, ya juya ta kamar mai duba kankana. “A wasan naka ana mutuwa?”

“Mutum uku.”

“Ana yi musu sutura?”

“Ana naɗe su.”

Tsohon ya yi murmushi. Ya buɗe tukunya ɗaya ya zaro farin alawayyo, ya ba Sharfaddeen gefe ɗaya ya riƙe, ya auna da kamu, ya yage da hannu yadda ake yaga na mamaci, ba almakashi. Ya jawo baƙin zakara daga bayan tukwane ya yanka a kan ƙyallen. Sharfaddeen yana kallo da idonsa jinin ya malala, ƙyallen ya shanye shi tas, ya koma fari fat kamar ba a taɓa shi ba. Sannan tsohon ya tsaga masa babban yatsa da aska, ya dangwala a gilashin kyamarar, ya lulluɓe ta da ƙyallen yana magana ƙasa-ƙasa da wani harshe. Tukwanen nan da ke kife suka ɗauki gurnani. A lokacin ne Sharfaddeen ya gane ƙamshin da ke damunsa. Kafur ne, irin wanda aka sa a ruwan wankan mahaifinsa.

Ya laluba aljihu. “Me zan bayar, Baba?”

“Mayar da kuɗinka. Da wannan za ka naɗe matattun wasanka. Wanda ya kwanta a ciki a gaban na'urarka, ya kwanta.”

“Haba Baba, ai wasa ne. Ana cewa kot, an gama ɗauka, za su tashi su karkaɗe riga.”

“Za su tashi mana. Na ce ba za su tashi ba? Mu dai a nan ba mu san wasa ba.”

“Ba a karɓar bijimi a madadinsu? Ko shanu nawa ne, in abu ya yi zan kawo.”

“Bijimi yana fitowa a wasanka?”

Sharfaddeen ya waiwaya. Hanyar fita tana bayansa a buɗe, ba wanda ya riƙe shi. Can ya ce, “Ko wane ne ya kwanta?”

“Ko wane ne. Ba ma duban fuska, ba ma tambayar suna.”

Kada wani ya ce muku bai gane ba. Wallahi ya gane sarai. Yana saukowa daga dutsen da ƙyalle a jaka, ruwa na dukansa, lissafi ɗaya yake yi: zai ɗauko baƙi daga nesa, mutanen da bai san uwarsu ba, bai san ubansu ba. Ya gaya wa kansa cewa ai kowa da ajalinsa. Da wannan ya wanke zuciyarsa ya hau babur.

Kafin mako ya zagayo, wani Alhaji da ya taɓa korarsa daga ofis ya kira shi da kansa ya ce a zo a yi fim. Sharfaddeen ya ɗauko 'yan wasa uku don matsayin masu mutuwa: wani dogo daga Jos, wani mai ƙiba daga Katsina, da wata jaruma daga Kano. Ya sauke su a otal mai kyau, nama safe da yamma, har sauran ma'aikata suna gunaguni. Sai dai ko sau ɗaya bai iya haɗa ido da su ba.

A bayan gidansu na gado aka yi aikin, inda ɗakuna suka zube aka bar tsohuwar rijiya. Kamar yadda aka saba a ƙaramin fim, duk gida aka shiga hidima. Huseina na dafa wa ma'aikata abinci. Ƙaninsa Nabil, malamin firamare da ke hutu, shi ke riƙe fitila. Ƙanwarsu Su'ad, tela ce, ita ke kula da sutura. Mahaifiyarsu Iya tana daga ɗaki tana faɗan an cika mata gida da hayaniya. Kyamara kuwa tana hannun Labaran, abokin Sharfaddeen tun suna yara.

Aka tara fitowar gawa duka ukun a rana ɗaya don a rage wahala. Da safen ranar Sharfaddeen ya ɗauko ƙyallen. Ya san ba zai iya tsayawa ya ga ana naɗe mutum a ƙyallen nan ba. Ya miƙa wa Labaran ya ce, “Da wannan za a yi, kada a canza. Ni Alhaji na nemana a Kaduna.” Ba Kadunar da ya je. Wusasa ya tafi ya zauna gindin mangwaro da waya a kashe, har rana ta yi sanyi. Da ya dawo Labaran ya ce an gama lafiya, hoto ya yi kyau. Sharfaddeen ya ce madalla. Bai tambayi komai ba, don ba ya son ya ji.

Fim ya fita. Jama'a, abin da ya biyo baya sai wanda ya gani. Mai shayi yana kallo, matan aure suna kallo suna toshe ido, ɗalibai a Samaru suna kallo a taru. Wurin da ake naɗe gawa shi ya fi tayar wa mutane da tsigar jiki, kowa na cewa kamar gaske. Masu tura finafinai a waya suka yi ciniki har suka gaji. Kamfanoni suka yi layi da talla. Sharfaddeen ya gina gida mai bene a Tukur-Tukur, ya kwashe Iya da ƙannensa ya kai su, ya sayi mota mai baƙin gilashi. Ya zama Alhaji Darakta. In ya shiga wuri ana miƙewa, har da waɗanda suka girme shi.

Kullum da safe kafin ya karya sai ya duba shafukan baƙin nan uku. Sai ya ga dogon ya yi aure, mai ƙiba ya ƙara ƙiba, jarumar tana tallan atamfa. Wata ya bi wata, ko ciwon kai ba wanda ya yi. Har ya fara dariya shi kaɗai a mota. Ashe tsohon nan barazana ce kawai! Ya yi sadakar buhunan shinkafa, ya ɗauka an wuce wurin.

Wata rana suna cin abinci Nabil ya ɗaga kai yana shinshina. “Yaya, wai wa ke sa kafur a gidan nan?”

Cokali ya tsaya a hannun Sharfaddeen. Kowa ya ce bai ji komai ba.

Bayan kwana kaɗan Nabil ya fara tafiya da ƙyar. Ya ce ji yake kamar an ɗaure masa manyan yatsun ƙafa wuri ɗaya. Aka kai shi asibiti, aka yi hoto, aka ɗebi jini, likita ya ce lafiyarsa ƙalau. Sai ya ce haɓarsa ma ta yi nauyi, kamar an zagaye ta da tsumma. Ranar wata Talata bayan la'asar Su'ad ta shiga kai masa shayi ta same shi a kan darduma, kwance a gefen dama, fuska na kallon gabas, ƙafafu a haɗe, hannaye a miƙe. Rai ya yi halinsa, kamar wani ya riga ya gyara shi. Saurayi ne da ko aure bai yi ba.

Sharfaddeen ya yi kuka na gaske, don yana son yaron. Zuciyarsa ta raya masa wani abu, ya danne. Ai Nabil bai fito a fim ba, fitila kawai ya riƙe.

Ba a yi arba'in ba Su'ad ta fara wanke labule da zannuwan gado, tana cewa wani ƙamshi ya hana ta sakat. Da ta ce yatsun ƙafarta sun haɗe, Iya ta fasa ihu. Aka kira malamai aka yi sauka, aka yi rubutu, aka yi hayaƙi. Su'ad ta rasu a kan keken ɗinkinta da hantsi, ta zame ƙasa ta kwanta a gefen dama kamar yadda ɗan'uwanta ya kwanta. Daga ranar Iya ba ta ƙara zama daidai ba. Duk farin ƙyallen da ta gani a gida sai ta bi shi da haƙori tana yagawa, har rawanin marigayi mijinta. In an riƙe ta sai ta ce, “Ku bar ni, kada su samu abin naɗe sauran.”

A wurin zaman makoki, da mutane suka ragu, Labaran ya matso kusa da shi a kan tabarma yana share ido.

“Allah sarki. Ka ga ikon Allah, Alhaji. Su biyun nan su suka kwanta mana a likkafani ranar nan.”

Sharfaddeen ya juyo a hankali. “Me ka ce?”

“Ranar da ka tafi Kaduna mana. Ai ka san halin 'yan wasa, ba mai yarda a naɗe shi a likkafani, wai camfi. Dogon nan ya ce ko nawa za a ba shi ba zai shiga ba, sauran ma suka bi bayansa. To tunda ba a ganin fuska, sai muka yi yadda aka saba, muka nemi na gida. Nabil ya yi na farko, Su'ad ta yi na biyu da filo a ciki don ta kai ƙibar mutumin. Muna ta dariya, wallahi.”

Sharfaddeen ya kama hannun Labaran har sai da ya yi ƙara. “Na ukun fa?”

“Madam ce. Ta kawo abinci muka roƙe ta. Har tana cewa a gaya wa Darakta sai ya biya ta kuɗin jaruma.”

Bai san yadda ya tashi ba, bai san inda ya bar takalmansa ba. Fim ɗin nan ya kalle shi ya fi a ƙirga, yana yaba yadda gawa ta kwanta, ashe matarsa yake kallo. Ya shiga cikin gida ya same ta a kicin tana zuba wa masu gaisuwa abinci, idanunta sun kumbura da kuka. Ta dube shi ta ce, “Darakta, zo ka ji. Hancina ne, ko kai ma kana jin kafur?”

Ya fice da gudu. Ya figi mota sai Kufena. Ya hau dutsen ba takalmi, ya kutsa tsagin ya faɗi a gaban tsohon.

“Baba, kuskure aka yi! Ba su na nufa ba!”

“Wa ka nufa?” in ji Dogara. “Waɗancan ba 'ya'yan mutane ba ne?”

“Zan goge fim ɗin. Yau ɗin nan zan sauke shi.”

“Ka goge shi a idon wa? Yana cikin wayar mai shayi, yana cikin wayar matan aure. Ido ka nema, an ba ka.”

“Ka karɓi gidan, ka karɓi motar, ka karɓi komai. Matata ce, Baba. Ba ta san komai ba.”

Tsohon ya ce, “Hanya ɗaya ce. Wanda ya yi cinikin, in ya kunna na'urarsa ya kwanta a ciki da kansa, ya isa ya fanshi wanda ya rage. Kai kaɗai, ba ɗan aike. Kuma ka yi tun tana tafiya da ƙafarta.”

Ƙyallen yana nan a akwatin kayan aiki, fari fat, ko ƙura bai ɗauka ba. Washegari da rana Sharfaddeen ya kulle kansa a falon sama, ya kafa kyamara, ya kunna, ya shimfiɗa shi a kan tayil. Ya tuɓe agogo. Ya ɗora ƙafa ɗaya, sanyin ƙyallen ya ratsa shi har ƙwaƙwalwa, ya janye da sauri. Ya dubi kujerun da ya sayo daga waje, ya dubi lambobin yabo a bango. Wayarsa na ta ƙara, masu kuɗi na neman a yi kashi na biyu. Shekarunsa ko arba'in ba su kai ba. Ya ce bari dai ya kintsa al'amura tukuna, gobe sai ya yi.

Gobe ta zo ya ce jibi. Kai, ɗan Adam! Kullum sai ya hau sama ya shimfiɗa, ya tsaya a kai yana kuka, ya naɗe ya sauko. A ƙasa kuwa Huseina ta fara dafa bango in za ta tafi.

Ita ta same shi. Ta ja jiki ta hau benen da ƙyar, ta tura ƙofar da ya manta bai kulle ba, ta gan shi tsaye a gaban likkafani da kyamara a kunne. Ta gane ƙyallen. Ta zauna a bakin kujera ta ce, “Faɗa mini.”

Ya faɗa mata duka, tun daga direban gidan biki har maganar tsohon ta ƙarshe. Bai rage komai ba. Ta saurara ba ta katse shi ba, hawaye na zuba ba ta share.

“Yaushe ya ce maka haka?”

“Ranar ukun Su'ad.”

“Yau kwana nawa ke nan?”

Ya sunkuyar da kai.

“Sharfaddeen,” ta ce. Tunda aka ɗaura musu aure ba ta taɓa kiran sunansa ba sai ranar. “Raina ba a hannun wani tsoho a kogo yake ba. In na mutu, kwanana ne ya ƙare, kuma wurin Ubangijina zan tafi. Ko da ka kwanta a tsumman nan, ni ba na son ran da aka sayo da shirka. Da na iske ka a ciki, da ni zan fizge ka.” Ta dubi ƙyallen. “Amma wallahi na so a ce a ciki na iske ka.”

Ya rarrafo zai kama ƙafarta, ta janye.

“Kuma 'ya'yan mutanen da ka ɗauko kana ba su nama, ni na dafa musu da hannuna. Ka sa ni na yi kiwon su. Kira mini yayana ya zo ya kai ni gida. Ba zan mutu a gidan nan ba.”

Aka kai ta gidan iyayenta a Limancin Kona. Ba ta ɗauki ko ɗankunne daga abin da ya saya mata ba. Kwanakin da suka rage mata ta yi su a ɗakin mahaifiyarta, ana karatu a kanta dare da rana. Ya zo ƙofar gida ya fi sau nawa, ba a bar shi ya wuce zaure ba. Ranar Juma'a da hantsi ta cika, kalmar shahada a bakinta. Da aka fito da makara ya kai hannu zai kama, mahaifinta, tsoho mai sanyin hali da bai taɓa ɗaga murya ba, ya buge hannun a gaban jama'a ya ce, “Kada ka taɓa mini 'ya.”

Daga maƙabarta ya wuce Tukur-Tukur, ya hau sama, ya kunna kyamara, ya kwanta a cikin ƙyallen ya ja shi har kansa. Yanzu ya iya. Ya kwanta yana jira, yana shinshina ko zai ji kafur. Bai ji komai ba sai warin guminsa. Batir ya mutu, rana ta faɗi, shi yana nan da ransa. Da gari ya waye ya koma Kufena da ƙyallen a kafaɗa yana ihu a zo a ɗauke shi. Daga cikin tsagin muryar tsohon ta fito a hankali: “Uku ka ce, uku aka ɗauka. Ba ma bukatarka.”

Magana ta fita gari, don Labaran bai iya riƙe ta ba, shi ma ya sayar da kayan aikinsa ya bar sana'ar. Ba ɗan wasan da ya ƙara yarda ya tsaya gaban kyamarar Sharfaddeen. Masu talla suka janye. Gidan bene ba mai saye, ba mai haya, ciyawa ta cinye shi har baranda. Dangi suka mayar da Iya tsohon gida, inda take zaune a bakin rijiya tana kiran Nabil da Su'ad su zo su ci abinci.

Shi kuwa yana nan yana yawo a gindin ganuwa, ƙafa a fashe, ƙyallen a naɗe a jikinsa. Komai nasa ya yi dauɗa ban da ƙyallen. In ya ga mutum ya ɗaga waya, ko kira zai amsa, sai ya ruga ya kwanta a gabansa a gefen dama, ya haɗe ƙafafu, yana roƙo: “Ɗauka, don Allah ɗauka. Ni ne, ba ita ba.”

To, ku masu cewa ko ta halin ƙaƙa sai kun yi suna, kun dai ji. Duk wanda ya hau dutse neman arziki, ya san da jinin mutum zai biya, kuma ba shi zai zaɓi mutumin ba. Kada ka yaudari kanka da cewa baƙo za ka bayar, don ran baƙo ma ba naka ba ne. Ka ci ɗan abin da Allah ya ba ka tare da mutanenka suna raye. Allah ya tsare mu da son zuciya, ya sa mu gama da duniya lafiya.